Ruwan da Gwaggo Furera Ta Tace

Akwai wani ɗalibi mai suna Mudassir, ɗan wani ƙauye ne can bayan Doguwa, yana shekarar ƙarshe a jami'a, sashen Kemistiri. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba shi. Sai dai fa girman kai, kai ka ce shi ya ƙirƙiro ilimin.

A ƙauyensu akwai wata rijiya kusa da tsohon ramin haƙar ma'adinai. Yara suka fara ciwon ciki da kasala, har da Bahijja, 'yar autar gwaggonsa Furera wadda ta raine shi. Da dattawa suka ji cewa binciken kammala karatunsa a kan auna gubar dalma ne a ruwan sha, sai suka kira shi a waya.

"Mudassir, ka duba mana. In da guba, mu rufe ta mu koma rafi, ko da nisa."

Ƙa'idar aikin ita ce ya je da kansa, ya ɗebo ruwan daga bakin rijiya a kwalaben ɗakin gwaji, ya ɗiga asid nan take don kada dalmar ta kwanta. Amma wa zai sha wannan doguwar hanya ta Falgore da damina? Sai ya ce wa gwaggonsa ta cika jarka ta ba direba.

Ranar da jarkar ta iso, Malam Zakari, tsohon ma'aikacin da ke kula da na'urorin ɗakin gwajin, ya ɗaga ruwan ya duba a haske.

"Ɗana, ruwan rijiya da damina ya yi garau haka? Kai ka ɗebo shi?"

"Malam, kai dai kunna na'ura."

"Ka yi haƙuri, ka tambayi wanda ya ɗebo. Ruwan nan an taɓa shi."

Mudassir ya yi tsaki, ya ce a gaban ɗalibai, "Mutumin da ko digiri ba shi da shi ne zai koya mini ɗibar samfuri?"

Malam Zakari ya kunna na'urar.

Sakamako ya fito, dalma ɗan mitsitsi, ƙasa da abin tsoro. Mudassir ya buga waya gida yana ƙafafa: "Ku sha abinku, kimiyya ta wanke rijiyar." Aka yi ta sa masa albarka. Ya kare bincikensa, ya samu maki mafi girma, aka tafa masa.

Bayan wata biyar Bahijja ta fara jijjiga. Aka kai ta asibiti a Kano, likitoci suka ce gubar dalma ce ta cika mata jini. Ma'aikatan lafiya suka je ƙauyen suka ɗebi ruwan da hannunsu, suka sa aka rufe rijiyar a ranar. Bahijja ta rayu, amma yarinyar da take haddace surori ta dawo ko sunan uwarta ba ta iya kira.

Mudassir ya je gida. Ya durƙusa gaban gwaggonsa.

"Gwaggo, don Allah, ruwan da kika aiko mini, daga rijiyar nan ne?"

"Daga ita ne mana. Amma jajir yake da laka. Na ce yaya za a kai wannan gaban malamanka su raina ka? Sai na jefa alif, ya kwana ya kwanta, na tace maka na sama da sabon ƙyalle, kamar yadda muke yi wa baƙo."

Wayyo! Shi da ya karanta ya san alif yana jan laka zuwa ƙasa tare da dalmar da ke manne a jikinta. Gubar tana cikin abin da ta zubar. Yaran kuwa da lakarsa suke sha kullum, don ba a ɓata alif a kan 'yan gida.

"Na yi laifi ne?" in ji ta.

Ya kalli Bahijja a kan tabarma tana zubar da miyau. Tambaya ɗaya tak aka ce ya yi, ya ƙi.

Darasi: Ilimin da bai hana ka raina na ƙasa da kai ba, wata rana naka zai cutar. In an ɗora maka amanar lafiyar mutane, ka je da ƙafarka, ka kuma saurari wanda ya daɗe a kan aikin. Ku tura wa ɗalibanmu da ke shirin bincike, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tambaya.