Turken Sallau Mai Safiyo

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, bawan Allah ne, ana ce masa Sallau mai safiyo. Aikinsa awon filaye. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Tsohon babur gare shi da jakar fata, shi ke nan.

Ku yara ba ku ga fadama irin ta wancan zamani ba. In rani ya yi, sai ka ga albasa shar har iya ganinka, jigo yana ƙara tun hantsi, mai lambu ya tsinko maka tumatir ya zuba maka a hula ba ka roƙa ba. Allah ya jiƙan mazan jiya.

A lokacin ne aka kawo wa ofishinsu Sallau na'urar GPS. Yanzu tana cikin wayar kowa, har an raina ta. A da kuwa girmanta ya kai rediyo, in Sallau ya fito da ita sai an taru kallo. Saƙo take karɓa daga taurarin ɗan'adam, ta faɗa maka daidai inda kake tsaye a doron ƙasa. Mutane suka ce, to, ga abin da ba ya ƙarya, ba shi da dangi, ba ya cin hanci.

Wata damina kogi ya yi ambaliya, ya share fadamar nan tas. Kunyoyi suka tafi, itatuwan da ake gane iyaka da su suka tafi. Da ruwa ya janye, ba wanda ya san inda gonarsa ta tsaya. Da ma an taɓa auna fadamar, lambar kowace kusurwa tana ofis. Sai dagaci ya ce a kira Sallau ya mayar wa kowa da iyakarsa.

Aka yi ta kafa turaku lafiya lau, har aka iso gindin wani babban dutse. A nan gonar gidan su Sallau take, wadda yayansa Barau yake nomawa. Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce, Iya Tabawa, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki marayu. Tsakanin gonakin biyu akwai rijiyar lambu. An ɗan daɗe ana ja-in-ja a kanta, don duk wanda take cikin gonarsa shi ke da noman rani.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin.

Sallau ya ɗaga na'ura a gaban dagaci da jama'a. Na'ura ta nuna rijiya tana cikin gonar su Sallau. Barau ya yi kabbara. Dagaci ya ce, "Shi ke nan, a kafa turke." Tsohuwa ta ja mayafinta ta ce, "Tun da na'ura ce ta faɗa, na bar wa Allah."

Sallau ya dubi turken da ke hannunsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan kafa ba."

Dagaci ya ce, "Saboda me?"

Ya ce, "A fili na yarda da ita. Amma a gindin dutsen nan rabin sama a rufe take, saƙon kuma yana bugun dutse ya dawo kamar amsa-kuwwa. Takan kauce da taku masu yawa. Abin da ta faɗa yanzu, in an jima tana iya faɗin wani."

Jama'a, wa ya san wannan a wurin? Babu, sai shi. Da ya buga turken nan, wa zai ce ya yi zalunci? Babu. Dagaci ya yarda, tsohuwa ta haƙura, na'ura ta ba da shaida. Saura shi da Ubangijinsa.

Barau ya ja shi gefe. Ya ce, "Kai Sallau, kanka ɗaya kuwa? Allah ya ba mu, kai ka ce a'a? Da rijiyar nan nake ciyar da gidanmu, har da naka 'ya'yan."

Sallau ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. In tamu ce, gobe ma tamu ce. Ni dai ban tabbatar ba."

Sai ya shiga wahalar da ba wanda ya sa shi. Ya daina awo a gindin dutsen. Ya fita sarari inda sama take a buɗe, ya kafa alamu, don ya jawo igiyar awo daga can. Ya aro na'ura ta biyu, ya roƙi abokin aikinsa ya zauna da ita a kan wani tsohon ginshiƙin siminti na safiyo, wanda an san matsayinsa tabbas. Duk kaucewar da na'urar da ke kan ginshiƙin ta yi a wani lokaci, sai ya cire irinta daga tasa. Ya auna da safe, ya auna da azahar, ya dawo washegari ya sake. Rana ta gasa shi, aka yi ta yi masa dariya a kasuwa, ana cewa ya fi na'ura sani. Shi dai sai ya ce, "Ban fi ta ba, halinta na sani."

Da awo ya daidaita, ya daina yawo, sai ga rijiya a cikin gonar Iya Tabawa. Sallau da hannunsa ya buga turken. Tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Kada ku zaci a take aka saka masa. Barau ya daina yi masa magana. Ranin nan gidansu bai ga albasa ba, aka sha wuya. Sallau kuwa bai fasa zuwa gaida yayansa ba. Ya yi sallama a ƙyale shi, gobe ya dawo. Sai da ciwon ajali ya kama Barau ya sa aka kira shi. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Ƙanena, na yi fushi da kai. Yau ga ni zan shiga ƙasa, ba na ɗauke da ƙasar marayu a wuyana. Kai ka sauke mini ita."

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake. Amana ba ta tsaya ga kada ka yi ƙarya ba. Amana ita ce, in kuskure ya faɗo a gefenka, kuma kai kaɗai ka san kuskure ne, ka buɗe baki. Kai mai sikeli, kai mai mudu, kai da kake cewa "ai kwamfuta ce ta fitar", ka tambayi kanka: da a kanka ta kauce, da ka yi shiru? In ba za ka yi shiru ba, to kada ka yi shiru in ta kauce a kan ɗan'uwanka. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.