Fiyus ɗin Motar Ɗanmusa

Kai Muktar, labari kake roƙo? Kun cika tumbi ba ku wanke ko kwano guda ba, sannan kuna neman bakina. To ku natsu. Shekara talatin na yi ina tuyar ƙosai a tashar Bagudo, abin da idona ya gani ya fi abin da ke cikin littafanku.

Akwai wani direba ana kiransa Ɗanmusa. Fadamar gadonsu ya sayar ya sayi tsohuwar mota, yana jigilar albasa zuwa Tsamiya, bakin iyakar Benin. Tun da ya riƙa makulli, gaisuwa ta fi ƙarfin bakinsa.

Akwai kuma Baba Manu, Bafillace mai gyaran wayarin mota. Da shanu gare shi, ciwo ya share su, ya tsallaka Benin ya koyo sana'a da furfurarsa. Kayan aikinsa ba yawa, filaya ce da wani ɗan ƙwan fitila mai waya biyu. In ya ɗora shi a kan waya ya kama, akwai wuta ke nan.

Wata Laraba da hantsi Ɗanmusa ya yi lodi har rufi. Matarsa Raliya na gidan gaba, za ta duba mahaifiyarta a ƙetaren iyaka. Ya murɗa makulli, mota ta yi ta gurnani, ta ƙi tashi. 'Yan kamasho suka tura har suka jiƙe da gumi, a banza. Dole aka kira Baba Manu.

"Kai Manu, yi maza, ba ni da lokaci," in ji Ɗanmusa. Ko Baba bai sa masa ba.

Tsoho ya buɗe gaban mota. Ya girgiza kan batir, ya ji shi gam. Ya danna hon, ya yi ƙara. Ya kunna fitilu, suka haska.

"Batir lafiya lau. Murɗa makulli rabi, kada ka tayar."

Ya zagaya baya, ya manna kunne a jikin tanki. Famfon da ke tura mai yakan yi ɗan kuka kamar sauro in an murɗa makulli. Shiru. Sai dai hancinsa ya jiyo masa abin da kunnensa bai nema ba. Warin fetur ne, mai yawa, yana fitowa daga ƙarƙashin buhunan albasa.

Ya buɗe akwatin fiyus, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙwansa, ya zaro na famfon mai a ƙone. Ya sa sabo. Ana murɗa makulli, tas, shi ma ya ƙone.

Ya jawo Ɗanmusa gefe, ya rage murya. "Ɗana, wayar famfo ta goge, tana taɓa ƙarfe a ƙarƙashin kujerar baya. Nauyi ya danne ta. Sai an sauke kaya in naɗe ta."

Ɗanmusa ya san abin da ke ƙarƙashin albasar. Jarkokin fetur ne ashirin zai tsallakar a ɓoye, kuma ba zai baje su a tsakiyar tasha kowa ya gani ba.

"Wane kaya za a sauke? Sa fiyus babba."

"Ba laifin fiyus ba ne. Shi aikinsa ke nan, ya mutu don kada mota ta mutu."

"To ni zan sa wanda ba ya mutuwa."

Ya zaro takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ya naɗe ƙonannen fiyus da ita, ya cusa. Ya murɗa makulli. Mota ta tashi, har da tari.

Tasha ta kaure da shewa. Ɗanmusa ya fito yana buɗe ƙirji.

"Jama'a kun gani? Kwalin taba ya fi shi ilimi! Koma daji ka tatsi nono, Fillo. Au, na manta, shanun ma sun gudu sun bar ka."

Aka kwashe da dariya. Baba Manu ya haɗiye, don hankalinsa na kan matar da ke zaune a gidan gaba. Ya sake matsowa.

"Na ji, ka fi ni. Amma don girman Allah sauke ɗiyar mutane, ta bi wata mota. Wayar can za ta yi ja kamar garwashi, kuma ka san abin da ke kanta."

Raliya ta leƙo ta taga. "Maigida, ko in jira wata mota?"

"Zauna nan, kafin in ɓata miki rai!" Ya juyo kan tsoho. "Mi ya haɗa ka da matata? Ashe tun ɗazu ita kake kallo, tsohon banza?"

Ya ɗauke shi da mari. Malafar tsoho ta faɗi cikin baƙin mai, ƙwan gwajinsa ya faɗi, Ɗanmusa ya sa dunduniya ya murƙushe shi. Maza fiye da ashirin na tsaye, ba wanda ya ce kanzil. Ɗanmusa ya ja mota ya tafi.

Baba Manu ya bi masu babur yana roƙon a bi bayansu. Wani ya ce, "Baba, marin bai ishe ka ba?"

Su Ɗanmusa ba su yi rabin hanya ba hayaƙi ya taso daga kujerar baya. Ɗanmusa ya taka birki ya dire. Ƙofar Raliya daga waje kawai take buɗuwa, ya kuma sani. Amma bayan mota ya ruga, yana fizgar buhuna don ya ceci jarkokinsa. Tana dukan gilas tana kiran sunansa.

Wasu makiyaya da ke kusa ne suka fasa taga da sanduna suka jawo ta, zanenta na ci da wuta. Jarkar da Ɗanmusa ya rungumo ita ta tashi a hannunsa.

Mota ta ƙone ƙurmus. Raliya ta rayu, amma ƙafafunta sun sha wuta. Daga asibiti 'yan'uwanta suka wuce da ita gida, suka ce ko sunansa kada a sake ambata musu. Shi kuwa yatsunsa suka manne suka ƙanƙance, ko loma ba ya iya kaiwa baki.

Da labari ya iso tasha, waɗanda suka yi shewa su suka fara cewa, "Ai mun san za a rina." Ɗaya ya je ya durƙusa gaban tsoho. "Baba Manu, gaskiyarka ta fito, Allah ya rama maka."

Tsoho ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Da ƙafafun yarinyar aka rama mini? Tashi ka ba ni wuri."

Darasi: In abu ya ƙi tashi, a nemi abin da ya hana shi, kada a toshe bakin abin da ke gargaɗi. Mai girman kai ba shi kaɗai yake ƙonewa ba, har da wanda ke zaune kusa da shi. Masu shewa kuma suna da rabonsu a cikin alhakin. Ke Fatiha, tunda kin rubuta a wayarki, tura wa direbobi da masu shiga motarsu, su ma su tura gaba.

Kun ji ai. Kowa ya kama tabarmarsa, kuma wanda na ji tarinsa, ni da shi ne.