Shuni a Farcen Madugu Korau

An ruwaito a littattafan mutanen da, Allah shi ne mafi sani, cewa an yi wani sarki a Birnin Marke wanda tsufa ya cim masa, har Ciroma da Galadima suka fara auna gadon sarauta da ido tun mai shi yana kai. Kowannensu ya tara zauna-gari-banza a ƙofar gidansa yana ciyarwa. Abin ciyarwar kuwa daga fatake yake fitowa, domin al'adar garin ce duk ayarin da ya sauka lafiya a kai wa masu sarauta gaisuwa.

A cikin fataken nan babu kamar Madugu Korau. Shi ke kawo turkudi, baƙin yadin nan mai ƙyalli da shuninsa ke kama jiki, kuma dukiyarsa ta kai inda ya manta yadda ake ɗaure kaya, sai dai ya nuna da sanda barori su yi. Abu guda ya rage masa a duniya, rawanin Sarkin Fatake, wanda mai shi ya rasu ba a naɗa wani ba. Korau ya riga ya gama naɗa shi a zuciyarsa.

Ana nan, ran wata kasuwa mutanen Ciroma da na Galadima suka kaure da faɗa, aka ƙone rumfunan 'yan gishiri, aka kashe wani mai awo da bai san hawa ba bai san sauka ba. Fatake suka taru a zango don neman mafita. Korau yana cikin gyaran murya, sai wani falken kanwa mai suna Cindo, wanda Korau ya sani tun yana bin ayari da jaki ɗaya, ya riga shi.

Cindo ya ce, "Iyayena, ku gafarce ni in ba ku labari. An yi wani mai sayar da tukwane da ragunan maƙwabta biyu ke shigo masa gida suna karo. Don su bar masa tukwanensa, sai ya riƙa ba wannan dusa, ya ba wancan dusa. Raguna suka yi ƙiba, wuya ya yi kauri. Ranar da suka haɗu a tsakiyar tukwanen, ko kasko bai tsira ba. To, mu ne mai tukwanen nan. Ina ganin mu ɗage gaisuwa, kada ko goro ya shiga gidan Ciroma ko na Galadima, sai gari ya kwanta."

Zango ya ɗauka da "Madalla!" Korau kuwa ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, don labarin nan a bakinsa Cindo ya ji shi, a wani masauki kan hanyar Gwanja. Labarinsa, ga shi wani na shan yabo da shi a gabansa! Aka yi rantsuwa, shi ma ya rantse, muryarsa can ƙasa.

Shawara ta yi aiki. Tukwanen gidajen biyu suka yi sanyi, 'yan iska suka fara sulalewa. Ko'ina Korau ya bi, sunan Cindo yake ji, a masallaci, a bakin rijiya, har a gidansa wajen masu daka. Tuwo ya daina wuce masa. Da ya ji an ce Sarki da kansa ya tambayi wane ne Cindo, sai hassada ta gama cinye shi.

Ya ce a ransa, "Ciroma na da baki a fada. Wanda ya tuna da shi yau da kowa ya juya masa baya, shi zai tuna da shi ranar naɗi."

Da rana ta take, barori sun kwanta a inuwa, Korau ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai. Ya zaɓi rawunan turkudi masu kyau, ya ninke su da hannunsa, ya cusa a buhunan gero, ya kora jaki ta lungu har ƙofar bayan gidan Ciroma. Ya dawo yana murna ba wanda ya gan shi.

Abin da hassada ta mantar da shi, alhali ya fi kowa sani, shi ne babban mutum ba ya ajiye gaisuwa, rabawa yake yi. Kafin la'asar Ciroma ya naɗa wa mutanensa rawunan, waɗanda suka gudu suka dawo. Washegari suka fito suna taƙama, na Galadima suka tare su, wuta ta sake tashi, wannan karo zangon fatake ta ci.

Dogarai suka kamo wasu mutanen Ciroma, ga goshinsu shuɗi da shunin turkudi. Sarki ya sa aka tara fatake a fada. Korau ya kwantar da hankalinsa da cewa turkudi kowa na iya saye, ya shekara yana sayarwa.

Sarki ya ce, "Ina da tambaya, wanda ya amsa ta daidai shi ne Sarkin Fatake. Hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe wuta, ɗaya ya ciyar da mai riƙe wutar. Wanne ya ƙone zango?"

Korau ya ga leɓen Cindo ya motsa. A'a, ba za a sake riga shi ba! Ya yi wuf ya gurfana, ya ɗaga hannu sama.

"Allah ya ja zamanin Sarki! Hannun da ya ciyar shi ne mai laifi. Mai riƙe wuta yunwa ce ta aiko shi. Wanda ya karya rantsuwa ya ciyar da shi kuwa, a kore shi daga garin nan, kada a bar shi ya ɗauki ko buta!"

Waziri Barmo, wani tsoho mai kaifin ido, bai kalli bakin Korau ba, hannun ya kalla. Ya ce, "Madugu, ka yi magana ta gaskiya. Amma yaushe rabonka da ɗaurin kaya?"

"Ai an daɗe, ranka ya daɗe. Ina da barori."

"To, me shuni ke yi a ƙarƙashin farcenka?"

Korau ya sauke hannu ya dunƙule, amma fada duka ta gani.

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, a yi masa sassauci. A ayarinsa na koyi fatauci, labarin ragunan nan ma da na bayar, daga bakinsa na ji shi."

Wannan magana ta fi kora yi wa Korau ciwo. Yabon da ya yi ta nema, ga shi an miƙo masa, amma a matsayin sadaka.

Sarki ya ce, "Amsarka daidai ce, Korau, sai dai Cindo ya riga ka ba da ita tun a zango, kuma shi ya tsaya a kanta. Ba zan kore ka ba, saboda shi. Ciroma zai gamu da ni. Kai kuwa za ka gina zango da dukiyarka. Yanzu a je gidanka a kawo rawani mafi kyau. Tun da hannunka ya koma sabawa da turkudi, kai za ka naɗa wa Cindo."

Haka aka yi. Korau ya tsaya a gaban jama'a yana zagaya rawani a kan Cindo, sabon shuni na hawa kan tsohon.

Masu ruwaya suka ce darasin a fili yake: wanda ya ciyar da fitina don ya rage hasken wani, shi za a sa ya riƙe wa wanin fitila. Allah ya raba mu da hassada, ya zaunar da garuruwanmu lafiya.