Tayoyin Gaban Mai Mugun Zato

An yi wani mutum a yankin nan namu, tsakanin Watari da Ɗambatta. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye, wasunku ma kuna gaisawa da su. Ni da kuke gani ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. Amma na shiga motar katako tun hanyar Kano tana jar ƙasa, na ga yunwa, na ga annoba, duk sun wuce sun bar ni a tsaye. Idan na ce na ga abu, to na gan shi.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, ba ya wasa da salla. Ciwonsa ɗaya: zato. Idan ka gaishe shi da fara'a, sai ya ce akwai abin da kake nema. Idan ka wuce ba ka gan shi ba, sai ya ce ka ƙulla masa wani abu. A gidan mai fitowa yake ya tsaya a kan mai zubawa, idonsa a kan bututu, kamar mai gadin ɓarawo.

Ya sayar da rabin gonar gadonsa ya sayi wata 'yar ƙaramar mota. Da ita yake ɗaukar mutane da kwandunan tumatir daga Watari zuwa Ɗambatta ranar kasuwa. Matarsa Furera tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita ma duk kasuwa da ita ake tafiya. Kullum a gaba yake ajiye ta, a gefensa. Ba ƙauna ce ta kawo haka ba. Ba ya so ta zauna a baya cikin maza, ba ya so ta shiga motar wani.

Ya 'yan uwa, ita mota komai kyanta, rayukan da ke cikinta a kan taya suke zaune.

Yana da ƙani, Sabiru, mai faci a bakin mahaɗa. Wata rana ya tsaya a ƙara masa iska, Sabiru ya durƙusa ya shafa tayoyin gaba, ya ga sun cinye har waya ta fara leƙowa.

"Yaya, waɗannan biyun sun gama aikinsu. Ka bari mu je Bacirawa a Kano tare, ina da mai taya a can. Tun ina koyon aiki nake saye a hannunsa."

Kun san al'adarmu. Mu nan ba ma sayen abu mai nauyi a hannun wanda ba zai ji kunyarmu ba. Saniya ce, injin ban-ruwa ne, sai ka nemi wanda ya san mai kayan ya raka ka. Rakiyar nan ita ce shaidarka. Mai kaya ya san idan ya cuce ka, gobe zai haɗa ido da wanda ya kawo ka.

Amma me mutumin ya ji a maganar ƙaninsa? La'ada ya ji. A ransa ya ce: wato sun riga sun shirya, a ɗora mini kuɗi su raba. Ya yi murmushi ya ce, "To, sai na shirya."

Washegari ya ce wa Furera zai je ta'aziyya. Ya kama hanyar Kano shi kaɗai. Ya wuce shagon da Sabiru ya kwatanta ko kallonsa bai yi ba. Ya wuce duk shagon da ya ga alamar wani zai iya saninsa. Sai can ya ga wani a gindin darbejiya da tulin tayoyi na hannu, babu shago, babu rumfa, babu suna. Ya ce, yauwa, nan babu wanda zai ci da ni.

Mai tayar ya dube shi sau ɗaya ya karance shi.

"Alhaji, kai kaɗai? Babu ɗan rakiya?"

"Ni ba a raka ni."

"Allah ya yi maka albarka! Wallahi da kowa irinka ne da mun huta. Masu facin nan su ne suka lalata kasuwa. Za su kawo mana ɗan uwansu na jini, su ja mu gefe su ce a saka kasonsu a cikin kuɗin. Kai kuwa daga ganin idonka an san ba a yi maka wayo."

Ya 'yan uwa, tun da aka haifi mutumin nan bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Wanda bai yarda da ɗan uwansa ba, bai yarda da matarsa ba, ga shi ya saki jiki da baƙon da ko sunansa bai tambaya ba. Don me? Don ya gaya masa abin da zuciyarsa take gaya masa kullum.

Ya zaɓi biyu da kansa, baƙaƙe ƙirin, suna ƙyalli, zanensu da zurfi. Har tsinken ashana ya zura yana auna zurfin. Bai sani ba akwai masu ɗaukar tsohuwar taya da ta shafe, su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai. Duk zurfin da ya gani, naman tayar aka rage. Nan take ya sa aka ɗaura masa su a gaba, don kada hannun Sabiru ya taɓa.

Da ya dawo ya tsaya a mahaɗa da gangan, don a gani. Sabiru ya zo ya sa farce a cikin zanen, fuskarsa ta sauya.

"Yaya, wannan yanka ce. Ka ga bakin zanen bai daidaita ba. A ina ka saye su?"

"Inda ba a ba ka kaso."

Mutane suna zaune a benci, kowa ya ji. Sabiru ya haɗiye ya ce, "Na ji. To don Allah ka bari in mayar da su baya, in kawo na bayan gaba. Ba na son ko ruwan sha."

"Ka taɓa motata ka gani."

Ranar kasuwa Sabiru ya tari Furera tana fito da galan-galan ɗinta, ya ce mata yau ta bi bas. Mijin ya hango su suna magana ƙasa-ƙasa. Me kuke tsammani ya raya a ransa? Ba zan faɗa ba, bakina ya fi ƙarfin wannan. Ya daka mata tsawa ta shiga gaba ta zauna.

Ina cikin motar nan. A baya nake, mu huɗu a matse, kwanduna a but da saman rufi. Bazara ce, rana ta take, kwalta kamar kasko. Mun fara gangara kenan sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar gaba ce ta fashe, ta gefen Furera. Sitiyari ya ƙwace, mota ta bar titi, ta wuntsila ta faɗa kwalbati.

Ni na fara fitowa, da ƙafata, da tsufana, ko ƙashi ɗaya bai goce ba. Ni na jawo sauran ta taga. Shi mai motar ya karye a ƙugu. Furera kuwa kafin a samu motar da za ta kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Motar ta zama ƙarfen awo. Ragowar gonar ta tafi a magani. An aika neman mai tayar, aka tarar da darbejiya da inuwarta. Wa za a tambaya? Wa ya raka shi?

Kuna tsammani ya farka? A wurin zaman makoki, yana kwance a tabarma, abin da yake tambaya shi ne wa aka gani kusa da motarsa da asuba. Wai ƙusa aka dasa masa.

Yanzu yana ɗakin zauren Sabiru. Sabiru ke ɗaga shi, Sabiru ke kai shi bayan gida, daga tukunyar Sabiru yake ci. Na je duba shi kwanan baya aka kawo tuwo. Ya jawo kwanon, ya shinshina, ya tura wa ƙaninsa ya ce, "Fara ci in gani." Sabiru ya wanke hannu ya gutsura ya ci, hawaye na zuba a miyar.

Ya 'yan uwa, ban ce ku yarda da kowa ba. Ni kaina ba a taɓa sayar mini da jaki gurgu ba. A duba kaya, a tambaya, a tafi da wanda ya sani. Amma malamai sun gaya mana Allah ya hana mu mugun zato, kuma na ga dalili da idona. Mai zato ba tsira yake daga macuta ba. Masu ƙaunarsa yake kora, sai ya rage daga shi sai macucin.

Allah ya jiƙan Furera. Allah ya wanke zukatanmu daga zargin 'yan uwanmu, ya kiyaye mu a gida da kan hanya. Amin.