Furannin Aljana Zubaina da Butar Waziri

A wani zamani mai tsawo da ya shige, tun kafin kakannin kakanninmu su yi wayo, an yi wani birni a bayan duwatsu ana ce da shi Tsamiya Bakwai. Sarkinsa Mamuda ɗan Jatau mutum ne adali mai yawan kyauta, sai dai zuciyarsa tana kusa, kuma Allah ya haɗa shi da fadawa waɗanda in aka ce su ɗauko tsinke sai su jijjigo itace. Birnin nan kaf da idon ruwa guda ya dogara, idon kuwa mallakar wata aljana ce mai suna Zubaina.

Ran nan da hantsi Sarki yana zaman fada, sai ga aljanar ta bayyana cikin lulluɓi kore, ta ajiye ɗan ƙoƙo a gabansa. A ciki akwai wasu 'yan ƙwayoyi arba'in masu kama da ƙananan albasa. Ta ce, "Ya kai Sarki, shekara ɗari kuna shan ruwana ban nemi komai ba. Yau ga amanata. Wannan irin furen ƙasarmu ne, iksiya muke ce masa. Ganyensa siriri ne kamar takobi, karansa dogo mai rangaji, furensa kuma kamar tauraro mai baƙin ido a tsakiya. Na ba ku shekara uku. In na dawo ban ga ko guda ya buɗe ba, zan naɗe idon ruwana in tafi da shi." Tana faɗin haka ta ɓace.

Sarki ya damƙa al'amarin a hannun Waziri Lawwali, dattijo mai himma wadda ta wuce misali. A gidan sarautar akwai wata butar azurfa ta gado wadda ruwanta ba ya ƙarewa. Waziri ya ɗauko ta, ya sa aka shuka irin a tsakar fada, ya ce kyautar aljana ba ta cancanci rana ta taɓa ta ba, aka kafa mata babbar laima ta alharini. Safe da yamma yana tsaye da buta. Ganye ya fito, kara ya miƙe, furanni suka yi kai, amma suka ƙi buɗewa har suka yi yaushi. Da ganyen ya soma bushewa sai Waziri ya ce ƙishi ne, ya ninka ban ruwa. Da aka tona, rabi sun ruɓe.

Sarki ya dafe kai ya ce, "Waziri, fure na ce ka raina mini, ban ce ka yi noman shinkafa ba."

A shekara ta biyu aka kira wani boka, ya ce furannin fushi suke yi don ba a yi musu kirari ba. Aka tara maroƙa suna wasa su kullum, aka turara su da turaren wuta, aka jibga musu kashin dawaki, Waziri kuma bai fasa zuba ruwa ba. Da shekara ta kewayo, bakwai kaɗai suka rage. Sarki ya daina cin abinci sosai. In ya ga mata suna ɗibar ruwa a idon nan sai ya kau da kai.

To, Sarki yana da 'ya babba, Gimbiya Tabawa, mace mai kawaici wadda ta fi son zaman madafa da zaman shirayi. Ranar da aka tono ruɓaɓɓun ta ɗauki guda ta sansana. Warin nan ta san shi sarai, shi ne warin albasar da kuyangi suka manta a gindin randa. Ta je gaban mahaifinta ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba, an tambayi waziri, an tambayi boka, an tambayi maroƙa, ba a tambayi mai noman albasa ba. Ka yi mini izini in nemo shi."

Sarki ya ce, "Je ki, Tabawa. Ko mai noman gauta ne ki kawo, in dai ba ya riƙe da buta."

Ta yi tafiyar kwana uku da jakadiya da dogarai biyu, ta haye duwatsu, ta ƙetare daji, har ta isa wata fadama inda ta tarar da wani manomi mai suna Tanimu yana shanya albasa a kan rairayi. Ta kwance bakin mayafinta ta nuna masa guda ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Ya juya ta, ya latsa da yatsa, ya ce, "Ranki ya daɗe, wane mara tausayi ne ya hana wannan abu barci? Irin wannan in ganyensa ya bushe ba mutuwa ya yi ba, hutawa yake. Ruwa a lokacin nan shi ne ajalinsa."

Da suka iso fada, Tanimu ya faɗi ya yi gaisuwa, sa'an nan ya tone sauran, ya kakkaɓe su, ya zuba cikin busasshen yashi a kwando, ya rataye a ƙarƙashin rufin zaure. Fada ta ɗauki surutu. Waziri ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kyautar aljana a kwando kamar kayan miya? Ko ɗigo ɗaya a bari in ba su, don girman mai su."

Tanimu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wata biyar ba ɗigo ba yayyafi. Ni aikin da ke gabana bai kai na tsare Waziri wuya ba."

Haka kuwa aka yi. Sau uku ana kama dattijon nan da tsakar rana yana ɗage a kan turmi, buta a hannu, yana cewa leƙawa kawai zai yi. A na ukun Gimbiya ta ɗauko tabarmarta da saƙarta ta zauna a ƙarƙashin kwandon, damina guda ba ta ɗaga ba sai Tanimu ya karɓe ta. A wurin wannan gadin ne suka saba, yana ba ta labarin fadama, tana yi masa dariyar yadda yake tsoron dogarai.

Da ruwa ya ɗauke, sanyi ya shigo, Tanimu ya shuka su a ƙasa mai yashi, zurfin ɗan yatsa, a filin da rana ke wuni. Yana ba su ruwa kaɗan, sai ƙasa ta bushe ya ƙara. Suka tsiro, suka yi kara, suka yi kai, daidai da cikar wa'adi.

A ranar da aljana za ta zo, Sarki ya aiki Tanimu da Gimbiya su tarye ta a bakin idon ruwa. Da suka dawo tare da ita, abin da suka tarar shi ne laimar alharini a kafe bisa furannin, Waziri yana tsaye a gefe cikin sabuwar alkyabba yana murmushi. Furanni bakwai duk a tsuke, kamar an ɗaure musu baki. Aljana Zubaina ta dube su, ta dubi Sarki, ta ɗaga hannu wajen idon ruwa, nan da nan aka ji ƙarar gudunsa ta soma raguwa.

Gimbiya ta ce, "Baba, laimar ce. Ba sa buɗewa sai sun ga rana."

Sarki bai jira dogari ba. Ya tattare rigarsa, ya sauko daga karaga, ya rungumi sandar laimar nan ya tumɓuke ta da hannunsa ya yi jifa da ita, rawaninsa na warwarewa. Ya ce, "Waziri, shekara uku kana girmama abin nan har ka kusa kashe mu da ƙishi. Na roƙe ka don Allah, yau ɗaya ka ƙyale shi."

Rana ta sauka a kansu. Can sai na farko ya motsa, ya ware ja wur, na biyu rawaya, na uku fari mai ratsin ruwan hoda, har zuwa na bakwai wanda ya fito da wani launi tsakanin shuɗi da kore da ba wanda ya taɓa gani a ƙasar, kowanne da baƙin idonsa a tsakiya, suna rangaji a iska. Aljana ta sauke hannunta, ruwa ya koma gudu. Ta ce, "Ya kai Sarki, amana ta cika. Ruwan naku ne har jikokin jikoki." Ta shafa furen nan na bakwai, ta ɓace.

Sarki ya ce wa Tanimu ya roƙi abin da yake so. Tanimu ya sunkuyar da kai don kunya, sai Gimbiya ta raɗa wa jakadiya, jakadiya ta raɗa wa Sarki. Sarki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ai da ma na ga tabarmar nan ta daɗe a zaure."

Aka ɗaura auren Tanimu da Gimbiya, aka yi biki na kwana bakwai. Cikin kayan garar amarya Sarki ya sa butar azurfa, ya ce a tafi da ita fadama can inda albasa ke bukatarta. Waziri kuwa aka naɗa shi mai tsaron kwandon da ake rataye irin duk damina, aka ba shi kujera a zaure, da sharaɗin duk wanda zai kai masa ruwan sha ya tsaya har ya shanye, ya karɓe moɗarsa.