Girkin Bikin 'Yar Trofim

Akwai wata dattijuwa a ƙauyen Prunesti, can ƙasar Moldoba, mai suna Zinovia. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo kuma yana aikin gini a Italiya. Duk bikin da za a yi a ƙauyen ita ce uwar girki. In ba ta ɗanɗana ta gyaɗa kai ba, ba a sauke tukunya.

Shekarar da mace ta fito takarar shugabancin ƙasa, Zinovia ta manna hotonta a ƙofar gida. Ita ba 'yar siyasa ba ce. Ta dai sa rai ko za a gyara ƙasa yaran da suka tafi ci-rani su dawo, don ta gaji da ganin jikokinta ta waya.

Maƙwabcinta Trofim, mai kantin ƙauyen, shi ne jagoran magoya bayan shugaba mai ci. Mutum ne mai ƙatuwar murya, wanda bai iya gardama ba sai da gatse. Wata rana ta shiga sayen gishiri, kanti cike da maza, sai ya ɗaga murya.

"Maƙwabciya, ke da 'yar takararki ku haɗa jari ku buɗe gidan abinci mana. Mace ai kicin ne ofishinta. Wa ya gaya muku ƙasa tukunya ce?"

Maza suka kwashe da dariya. Zinovia ta ajiye gishirin ta fita, amma maganar ta zauna mata a wuya. Daga ranar ba ta ƙara taka kantin ba.

Aka yi zaɓe ranar Lahadi. Gari na wayewa labari ya cika ko'ina: matar ta lashe, karo na farko a tarihin ƙasar.

Ƙauyen ya rikice. Samari suka cika titi da motoci suna danna oda, tuta na kaɗawa ta taga. Tsofaffin mata suka fito da ɗankwalayen coci suna rungumar juna. Ɗan Zinovia ya kira ta yana kuka, ya ce cikin ruwan sama ya bi layi kafin ya jefa ƙuri'arsa, kuma yau ya ji bai jiƙe a banza ba. Ita ma ta yi kuka, ta yi rawa a bakin rijiya duk da ciwon gwiwa.

Kantin Trofim kuwa a rufe yake. Wasu samari suka rataye masa ludayi a jikin ƙofa, kowa ya wuce sai ya yi dariya.

Nan bakin rijiya ƙawarta Profira, wadda bakinta ba ya da linzami, ta tuna wa mata cewa Lahadi mai zuwa ne bikin Ilinca, 'yar Trofim. Ta ce tunda ya raina kicin, to ya shiga da kansa su gani, kada mace ko ɗaya ta taɓa masa wuƙa. Mata suka yi shewa, duk ido ya koma kan Zinovia. Ta ce ta yarda. Gaskiya ranar ta ji sanyi a ranta.

Ilinca kuwa marainiya ce. Uwarta ta rasu tun tana makarantar firamare, ba ta da yaya ba ta da ƙanwa. Dangin ango za su taso daga wani gari mai nisa, kuma kowa ya san yadda suke: tun daga kwanon farko suke auna gidan da ɗansu ya auro.

Ranar Alhamis Zinovia na watsa wa kaji masara sai ta ji tari daga bayan danga. Ta leƙa. Trofim ne durƙushe gaban tanda, hayaƙi ya turnuƙe shi, idanu jajur, wuta ta ƙi kamawa. Gefe guda Ilinca na zaune ita kaɗai tsakanin tulin kabeji da bahon shinkafa da nama, tana ƙoƙarin naɗe sarmale, abincin bikinsu na shinkafa da nama cikin ganyen kabeji. Duk wanda ta naɗe sai ya warware, ta sake kamawa, tana share ido da bayan hannu.

Yarinyar ta ɗago suka haɗa ido. Ta gaishe ta da ladabi kamar kullum. Ba ta roƙe ta komai ba, ba ta kawo maganar kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Tanti, don Allah gishiri nawa ake sa wa baho kamar wannan? Ina tsoron kada ya yi yawa."

Zinovia ta juya ta bar bakin dangar. Ta koma ɗaki ta zauna, murnar da ta yi kwanaki tana yi duk ta bi iska. Can ta miƙe ta nufi gidan Profira, ta gaya mata za ta je.

"Ke fa aka zaga a gaban maza," in ji Profira. "Yanzu da Allah ya kawo mana ranarmu za ki ba mu kunya?"

"Ni aka zaga, don haka ni ke da ikon yafewa. Yarinyar nan takara ta tsaya? Na zaɓi mace ne don yaranmu su daina wahala, ba don in bar 'yar maƙwabcina tana kuka kan kabeji ba."

Ta ɗauki wuƙarta da babbar tukunya ta shiga gidan Trofim. Da ya gan ta ya miƙe, fuska duk toka. Ta ce masa ya matsa kafin ya ƙone gidan, ya je ya faso itace busasshe. Ya tafi sumui-sumui kamar yaron da aka aika.

Kafin azahar mata biyu suka shigo, wai sun zo wucewa ne. Da la'asar tsakar gida ta cika. Profira ce ta zo ƙarshe, fuska a ɗaure, tana cewa ita ba don kowa ta zo ba, don kada baƙi su tafi da sunan ƙauyen a baki ne. Ita ce kuma ta fi kowa aiki.

Ranar Lahadi da safe, kafin a tafi coci, Trofim ya zagayo bayan gida inda matan suke, hula a hannu. Mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen layi, ranar sai da aka kasa kunne. Ya ce ya yi magana marar daɗi a bainar jama'a, don haka a bainar jama'a zai nemi afuwa. Sannan ya juya ga Zinovia ya ce amarya ba ta da uwar da za ta tsaya mata ta tarbi baƙi, shi da Ilinca sun yi shawara, ita suke roƙo.

Zinovia ta ce ina, ita da take warin albasa. Ilinca ta fito cikin farar riga ta kama hannunta, ta ƙi saki. Haka aka sa ta canja kaya, ta tsaya a bakin ƙofa gefen amarya tana karɓar gaisuwar dangin ango, hawaye na zuba tana murmushi.

Aka ci aka ƙoshi, surukai suka yi ta santi. Da makaɗa suka saki kiɗa, masu tuta da masu baƙin cikin zaɓe suka riƙe hannun juna suka yi da'ira ɗaya.

Ana tsakiyar rawa Trofim ya matso kusa da ita ya ce, "Maƙwabciya, kada fa ki ɗauka na canja sheƙa. Har gobe ban yarda da shugabarki ba."

"Wa ya ce ka yarda?" in ji Zinovia. "Ɗaga ƙafarka dai, ka taka min takalmi."

Darasi: Zaɓe rana ɗaya ne, maƙwabtaka kuwa ta kullum ce. Idan naka ya ci, kada murna ta sa ka wulaƙanta wanda nasa ya faɗi, balle ka huce kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kai kuma mai ba'a, ka tauna magana kafin ka faɗe ta, don ba ka san ƙofar da za ka buƙata gobe ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda siyasa ta raba ku da su.