Allurar da Ya Yi wa Ƙafar Uwarsa

An yi wani mutum, mai goge ƙasa a asibitin da ake maganin jijiyoyin nan masu kumbura a ƙafa su murɗe kamar igiya. A can ba a yanka. Likita zai ɗora na'ura ya duba cikin ƙafar, sannan ya yi allura, jijiyar ta rufe, mutum ya koma gida da ƙafarsa.

Goge ƙasa aikin halal ne, ya 'yan uwa. Amma shi kunyarsa yake ji. A gida ya ce shi mataimakin likita ne. Har farar riga ya saya, yana rataye ta a bayan ƙofa inda baƙi za su gani.

Uwarsa mai gugar kaya ce. Shekara talatin tana tsaye a gaban tebur, da wannan tsayuwar ta raine shi. Jijiyoyin ƙafarta ta hagu suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Wata safiya ta ce masa, "Likita, ka kai ni wurinku mana. Ko uwar likita ma sai ta bi layi?"

In ya kai ta, za ta gan shi da bokiti. Sai ya ce, "Mama, me zai wahalar da ke? A nan zan yi miki."

Ya sato magani da allura. Sau nawa ya ga ana yi yana goge ƙasa? Ya ga hannun likita, amma bai taɓa tambayar abin da likita ke nema a na'ura ba. Ashe babbar jijiyar da ke can cikin ƙafar uwar ta daɗe da toshewa. Wannan kumburarriyar ta waje ita kaɗai ce hanyar da jini ya samu. Ita ya rufe da allurarsa.

Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi. Kwana huɗu yana cewa haka maganin yake aiki. Da aka kai ta asibiti, lokaci ya wuce. Aka yanke daga gwiwa. Shi kuma aka kore shi, hukuma ta shiga maganar.

Kafin a tafi da shi ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Na sani tun shekarar farko. Ni nake wanke kayanka, gwiwar wandonka ke fara cinyewa. Na miƙa maka ƙafar ne don kada ka ji kunya."

Ya fashe da kuka. Kuka yana mayar da ƙafa?

Ya 'yan uwa, ƙarya ba ta tsayawa a baki, sai ta kai hannu. Wanda ya raina sana'arsa ya ari ilimin da ba nasa ba, na kusa da shi zai fara cutarwa, domin su ne suka yarda da shi. Uwar ta yafe. Amma har yau takalmi ɗaya take ajiyewa a bakin ƙofa.

Allah ya kiyaye mu daga ƙarya da girman kai, ya kiyaye iyayenmu daga hannunmu.